Ranar da Gambo Tausa Ya Zauna a Kan Ƙwallo

Duk wanda ya saba bin hanyar Gubuchi zuwa Makarfi da sanyin safiya ya san shi, ko da bai san sunansa ba. Ana idar da sallar asuba, kafin masu shayi su gama hura wuta, za ka hango wani siririn dattijo mai farin gemu yana sassarfa a gefen hanya, gonakin rake dama da hagu. Wandon da ke jikinsa tela ne ya ɗinka masa shi musamman, ya sauka ƙasan gwiwa da taƙi guda, don Malam Gambo ya ce bai ga dalilin da zai sa gudu ya raba mutum da sutura ba. Yakan je har wani kwalbati da ke bayan gonar mangwaro, ya tsaya ya miƙe gaɓoɓinsa ɗaya bayan ɗaya, sannan ya juyo gida. Shekara arba'in da biyar ke nan yana haka, in ka cire ranakun da zazzaɓi ya kwantar da shi, da watan azumi da yake mayar da gudun tafiya.

Masu tafiya gona a kan babur ba sa iya wuce shi bakinsu alaikum.

"Malam Gambo, wa ya biyo ka?"

"Tsufa ne," in ji shi, ko tsayawa ba ya yi. "Kai ma yana bayanka, babur ne ya hana ka gani."

Kafin ya dawo ya watsa ruwa ya sha koko, an riga an cika masa zaure. Ba wani abin a zo a gani ba ne a zauren: dogon benci da aka shimfiɗa wa bargo, gwangwanin man kaɗanya, tawul biyu, bandeji a cikin tsohuwar jakar makaranta, sai randa a lungu. A kan bencin nan 'yan ƙwallon Gubuchi da Dandamisa da Furana suka kwanta, da 'yan kokawa daga Kudan, da masu dakon rake waɗanda bayansu ya riƙe. Sunansa na yanka ya daɗe da ɓacewa. Gambo ne saboda ya biyo tagwaye, Tausa kuma saboda aikin hannunsa.

A ƙarshen watan nan zai rufe zauren. Ciwon sukari ya daɗe yana binsa a hankali, yanzu ya kai ga yatsu, sun fara mutuwa daga baki. Ya ce mai tausar da ba ya jin abin da ke ƙarƙashin fata ya zama mai murɗa kawai, shi kuwa ba zai murɗa 'ya'yan mutane ba. Matasan gari sun shirya masa wasan bankwana ranar Asabar. Shi ya sa na ɗauki alƙalami, don yabon gwani ya zama dole. Amma ba zan yi muku ƙarya ba, wannan jinjina da nauyin zuciya na rubuta ta. Akwai wata gwiwa guda da Malam Gambo ya yi shekara goma sha shida yana son ya sake taɓawa, mai gwiwar kuwa duk tsawon shekarun nan bai ce masa ina kwana ba. Mu mutanen gari muna da hannu a ciki, ni ma da nawa.

Bari in fara daga inda ya fara. Tun yana yaro ba a aikensa ya tafi da tafiya, sai da gudu. Langa, kokawa, tsere, ƙwallon tsumma, babu wanda ya bari. Da ya tafi makarantar horon malamai a Zariya, can ya haɗu da wani tsohon soja mai suna Bobbo, wanda ya yi shekaru yana kula da jikin 'yan dambe a bariki. Shi ya nuna masa inda kowace tsoka ta faro da inda ta ƙare, ya kuma yi ta buge masa hannu yana cewa, "Kai yaro, saurara tukuna. Jiki yana magana, kai ne kake gaggawa." Gambo ya dawo gida da takardar malanta, aka ba shi darasin motsa jiki a firamare, darasin da kowa ya ɗauka hutu ne.

Nan matsalarsa da mu ta faro, kuma daga kalma ɗaya ce. A bakinmu, abin da yara ke yi a ƙofar gida wasa ne, zolaya wasa ce, abin da mutum ya ba wa rayuwarsa duka a fili shi ma wasa ne. Ranar da aka je nema masa auren Juwairiyya a Kudan, baffanta ya tambayi aikin yaron. Wakili ya gyara zama ya ce malamin wasa ne. Tsohon ya dubi wannan ya dubi wancan, sannan ya ce, "Ikon Allah. Wasan ma har da malami?" An dai ba shi matar, amma dariyar ta biyo shi har gida, ta kuma zauna.

Shi kuwa bai taɓa ɗaukar abin da wasa ba. Ƙungiyar ƙwallon Gubuchi a hannunsa ta tashi. Wata biyu kafin gasar kaka yake fara tara su da yamma, ya sa su gudu a cikin yashin rafi, su ɗauki juna a kafaɗa, su yi tsallen kwaɗo har sai sun fara kiran iyayensu. Wanda ya yi ƙorafi ya ce masa ba a fafe gora ranar tafiya. Ya yi ta faɗa da al'adarmu ta sabon targaɗe, wadda da an ji ƙafa ta gurɗe sai a dafa ruwa, a samu ƙato ya ja ta har mai ita ya suma. Shi ruwan randa mai sanyi yake sawa, ya ɗaure, ya ɗaga ƙafar sama, ya ce a dawo bayan kwana uku. Karaya kuwa ko kusa da ita ba ya zuwa. Da ya shafa ya ji ƙashi ne, sai ya ce, "Wannan ba tawa ba ce, ku wuce asibiti."

Shaidunsa suna da yawa. Wani limami a Dandamisa da ya shekara biyu yana salla a kan kujera ya gaya mini da bakinsa cewa wata huɗu Malam Gambo yana taka keke zuwa wurinsa duk Litinin da Alhamis, har goshinsa ya sake taɓa ƙasa. 'Yan Furana ba su manta ranar da tsokar mai tsaron gidansu ta ɗaure ana tsakiyar wasa da Gubuchi ba. Malam Gambo ya tsallaka fili da jakarsa ya warware masa ita, yaron ya tashi ya tare mana ƙwallo biyu da ido rufe ma sun shiga. Mun yi ta gunaguni har gida. Ya ce mana shi jaka ɗaya gare shi, ba a rubuta sunan gari a jikinta ba. Mata kuwa, tunda ba zai taɓa su ba, matarsa ya koya wa. Har gobe matan unguwa suna taruwa a tsakar gidan Juwairiyya da hantsi, suna miƙe baya da kafaɗa, ana dariya kamar gidan suna.

Kai ne, Malam Gambo, ka sa dattawan garin nan suka daina jin kunyar tafiyar ƙafa bayan la'asar. Kai ne mai hannun da ba ya tambayar ɗan wane. Da a nan labarinka ya tsaya, da na ajiye alƙalami da farin ciki.

A cikin duk yaran da suka bi ta hannunsa babu kamar Sa'idu, ɗan Lantana mai ƙuli-ƙuli. Maraya ne, Malam Gambo ya tsince shi yana buga lemon tsami da ƙafa a bakin kasuwa, ya raine shi a fili tun yana ɗan shekara goma. Baba yake ce masa. Da ya kai ashirin, in ya karɓi ƙwallo a tsakiyar fili sai ka ga mutane sun miƙe tsaye tun bai yi komai ba. A kakar shekarar dubu biyu da tara shi ya kai mu wasan ƙarshe na kofin da ake bugawa a Makarfi, mu da Dandamisa. Aka kuma samu labari cewa wani mutum daga wata babbar ƙungiya a Kaduna zai zo kallo, kuma Sa'idu ya zo gani.

Saura kwana huɗu, a wasan kusa da na ƙarshe, wani ya faɗo masa a gefen gwiwa. Ya tashi ya ƙarasa wasan yana dariya, amma washegari gwiwar ta kumbura. Malam Gambo ya kwantar da shi a benci, ya riƙe cinya da hannu ɗaya, ƙauri da ɗaya, ya tura a hankali. Ya sake turawa.

"Baba, yaya?"

"Jijiyar gefe ta tsage, Sa'idu. Ba ta rabu ba, saura kaɗan ke riƙe da ita. In ka ba ta sati shida za ta haɗe. In ka juya a kanta ranar Asabar, ban san abin da zai faru ba."

"To ka shafa mini man zafi ka ɗaure, Baba. Minti casa'in ne kawai."

"Ba zan ɗaure ba."

Sa'idu ya roƙa, shugabannin ƙungiya suka roƙa, har masu unguwa suka aiko. Malam Gambo ya ce a'a. Da aka ga haka sai aka zagaye shi. Aka samu wani a kemis ya yi wa yaron allurar kashe zafi, aka rubuta sunansa a cikin sha ɗayan farko, ba a gaya wa tsohon ba.

Ranar Asabar fili ya cika maƙil, har kan bishiyoyi. Baƙon Kaduna yana zaune a ƙarƙashin rumfa da littafinsa. Malam Gambo yana gefen fili yana jera robobin ruwa sai ya ga Sa'idu ya fito cikin layi da riga mai lamba tara. Ya ajiye robar da ke hannunsa, ya taka a hankali har tsakiyar fili, inda alƙalin wasa ya riga ya ajiye ƙwallo, ya tattare rigarsa ya zauna a kanta.

Da farko dariya aka yi. Alƙali ya busa usur, ya sake busawa. Malam Gambo ya ce masa ba zai tashi ba sai yaron nan ya fita, in kuma ɗaukarsa za a yi, to a zo a ɗauka. Ba wanda ya iya, don rabin 'yan wasan fili biyun ta hannunsa suka bi, alƙalin kansa ya taɓa kwanciya a bencinsa. Sai dariya ta koma ihu. Aka fara jifa da ɓawon rake da guntayensa, abin da ke hannun kowa ke nan. Wani ya ce hassada ce, wani ya ce 'yan Dandamisa sun saye shi. Ina nan a wurin, ina ɗan shekara ashirin da biyu. Ban san ko nawa ɓawon ya same shi ba, amma na jefa.

Baƙon ya taso ya shigo fili ya tambayi abin da ke faruwa. Nan ne wurin da har yau ake gardama a kansa. Da Malam Gambo ya so, da ya ce zazzaɓi ne, ko ya ce rigimar cikin gida ce. Bai iya ba. Ya gaya masa gaskiyar gwiwar, ya ƙara da cewa, "Ranka ya daɗe, ka dawo bayan wata biyu ka ga abin da ba ka taɓa gani ba." Mutumin ya gyaɗa kai, ya koma rumfa. Sa'idu ya cire rigarsa ya yar a gaban tsohon, ya fice daga filin ko waiwaye bai yi ba.

Aka ci mu biyu da nema. Baƙon ya tafi da Salman, ɗan wasan gaban Dandamisa, wanda ya yi shekara shida yana buga wa manyan ƙungiyoyi, har muka riƙa jin sunansa a rediyo. Baƙon bai dawo bayan wata biyu ba, bai dawo ba har yau. Sa'idu kuma bai sake taɓa ƙwallo ba. Ƙungiya ta sallami Malam Gambo a daren nan, ya shekara huɗu ba a kiransa fili, sai dai ya tsaya daga nesa ya riƙe keke yana kallo. Da yaranmu suka fara jin rauni ɗaya bayan ɗaya muka koma muka ɗauko shi, ba tare da ko mutum ɗaya ya ce masa yi haƙuri ba. Ya ɗauki jakarsa ya biyo mu kamar jiya aka rabu.

Abin da ba mu sani ba a lokacin, ko in ce abin da ba mu damu mu tambaya ba, yana zaune a shagon ɗinki a bakin kasuwarmu. Yahuza tela, ƙanen Malam Gambo uwa ɗaya uba ɗaya, shi ne mai ɗinka masa wandon gudu. Mu da muka taso muka gan shi yana jan ƙafa mun ɗauka haka aka haife shi. Da na je wurinsa saboda wannan rubutu, ya dakatar da keke ya ce mini:

"Ni fa lamba goma nake bugawa. Shekarar tamanin da takwas, za mu kara da 'yan Ikara, gwiwata ta kumbura. Na ce Yaya ka ɗaure mini. Lokacin yana ji da hannunsa, ya murza ta da man zafi har ciwon ya yi barci, ya ɗaure. Minti ashirin na yi. Na juya zan buga, sai na ji ƙas. Shi ke nan." Ya shafa gwiwar ya yi murmushi. "Ni na roƙe shi, ban taɓa riƙe shi a zuciya ba. Shi ne bai yafe wa kansa ba."

Na koma wurin Malam Gambo da wannan magana. Yana zaune a bencinsa yana murza tafin hannu ɗaya da ɗaya, kamar mai son tayar da su daga barci.

"Ka ga ikon Allah," in ji shi. "Wanda na bari ya buga yana jan ƙafa, kullum da safe sai ya zo ya gaishe ni. Wanda na hana yana tafiya garau, in na yi masa sallama ya amsa, don addini ya ce a amsa, daga nan ko ƙala. Nakan tambayi kaina, anya ba Yahuza na gani a gwiwar yaron nan ba? Wataƙila tsoro ne ya taɓa ta, ba hannuna ba. Da zan sake riƙe ta sau ɗaya, da na san ko ta haɗe yadda na ce."

Akwai abin da ya hana a faɗa, ni kuwa zan faɗa, ya yi mini faɗa daga baya. Bayan ranar nan Sa'idu ya rantse tsohon ba zai sake taɓa shi ba. Sai marigayiya Lantana ta riƙa zagayowa ta ƙofar baya wurin Juwairiyya. Malam Gambo ya nuna wa matarsa yadda ake ɗauri da yadda ake lanƙwasa ƙafar kaɗan-kaɗan, ita ta nuna wa Lantana, Lantana ta je ta yi wa ɗanta, tana ce masa wai dabarar kakarsa ce. Sati shida cif aka yi haka. Sa'idu, in wannan takarda ta zo hannunka, yau ka san kakar taka.

Na sami Sa'idu a kasuwar rake ta Makarfi, inda yake sarin rake yana lodi zuwa Kano. Magidanci ne yanzu mai 'ya'ya huɗu. A gabana ya saɓa dami a kafaɗa ya hau bayan mota da shi ba tare da ya dafa komai ba. Da na gaya masa abin da ya kawo ni, fuskarsa ta canza.

"Kowa cewa yake ya cece ni. Na ji. Amma ƙafar wa ce? Tawa ce. Da ya bar ni na shiga, in ta karye ta karye, na san iyakata ke nan. Yanzu fa? Duk ranar da na ji ana ƙwallo a rediyo sai in kashe. Har in mutu ban san ko ni wane ne a fili ba. Wannan wane mai tausa ne zai warware shi?"

Ban ga laifinsa ba. Na kai wa Malam Gambo maganar yadda take, ban rage ba. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Yana da gaskiya." Ya ce in zo ranar kasuwa in ɗauke shi a babur.

Muka isa da hantsi, kasuwa ta cika. Sa'idu yana tsaye yana ƙirga damuna sai ya gan mu. Malam Gambo ya yi sallama, ya amsa a taƙaice, ya juya zai ci gaba da aikinsa.

"Sa'idu, ban zo neman gaisuwa ba," in ji tsohon. "Yatsuna suna tafiya. Kafin su ƙarasa, ka bar ni in taɓa gwiwar nan sau ɗaya. Daga nan ba za ka sake ganina a nan ba."

Masu lodi suka tsaya cak. Sa'idu ya dube shi, ya dubi hannuwan da ya miƙo, waɗanda suka rame. Na ɗauka zai wuce. Sai ya ja tsaki a hankali, ya zauna a kan damin rake, ya naɗe ƙafar wandonsa ta dama har cinya, ya kawar da kai gefe.

Malam Gambo ya durƙusa, amma bai taɓa ba.

"Ba wannan ba ce."

"Ita ce mana. Da dama nake bugu."

"Da dama kake bugu, da hagu kake tsayuwa. Ta hagu aka faɗo wa."

Sa'idu ya buɗe baki zai yi gardama, sai ya tsaya. Ya dubi gwiwar dama, ya dubi ta hagu. Ya sa hannu ya matsa wannan, ya matsa waccan, ya miƙe su, ya lanƙwasa. Ina kallon fuskarsa yana nema, yana nema, bai samu ba. Shekara goma sha shida yana riƙe da abin da aka yi masa, amma ya manta a wace ƙafa aka yi.

A hankali ya naɗe ta hagun. Malam Gambo ya riƙe cinya da hannu ɗaya, ƙauri da ɗaya, ya rufe ido ya tura. Ya sake gyara yatsunsa ya tura. Ya bi gefen gwiwar da babban yatsa, sama da ƙasa, ya daɗe. Sannan ya sauke hannuwansa a kan cinyarsa.

"Na makara," in ji shi. "Ba na jin komai."

Ba wanda ya yi motsi. Sa'idu ne ya fara sunkuyowa, ya kama shi ta hammata ya tayar da shi tsaye, ya kakkaɓe masa ƙurar gwiwa.

"Bari, Baba. Wanda ya manta ƙafar, ai ba sai an duba shi ba." Sa'idu ya dube shi. "Ina kwana, Baba. Yaya jikin?"

"Da sauƙi, Sa'idu. Yaya yaran?"

Ba zan ce muku komai ya wuce ba. Sa'idu bai janye maganarsa ba, da na tambaye shi ko zai zo wasan bankwana na ranar Asabar cewa ya yi sai ya gani. Gaisuwa ɗaya ba ta mayar da shekara goma sha shida, ba ta kuma mayar wa yatsu ji. Da mun yi abin da ya kamata tun da wuri, da manyan gari sun zaunar da su biyun tun hannun yana da rai, da tsohon nan ya sami amsarsa da kansa. Muka bari, muna cewa ai maganar wasa ce. Da na sani ƙeya ce, kuma tamu ce mu duka.

Malam Gambo, na gode maka a madadin duk wanda ya hau bencinka da ɗingishi ya sauka da ƙafarsa. Na gode a madadin waɗanda ka hana, waɗanda ba su san abin da ka tsare musu ba saboda bai same su ba. Ina kuma neman gafararka a bainar jama'a, tunda a bainar jama'a na yi maka laifi. Ku kuma matasa masu riƙe da ƙungiyoyi daga Ikara har Kudan, yatsunsa ne suka gaji, kansa da bakinsa suna nan. Ku je ku zauna a gabansa ku koya tun yana iya nuna muku. Ku koyi ɗauri da tausa, ku kuma koyi abin da ya fi su wuya, wato ce wa yaron da kuke ƙauna a'a alhali gari duka yana cewa e. Allah Ya ba shi lafiya, Ya saka masa da alheri.

A hanyarmu ta komawa Gubuchi yana bayana a babur, muka yi nisa. Na rage gudu na tambaye shi ko yanzu hankalinsa ya kwanta.

"Gwiwa ta warke, alhamdu lillahi," in ji shi. "Amma kai ba ka san yaron nan ba yadda na san shi. Shekara goma ina gyara shi saboda rana irin wannan. Duk wanda ya yi mini ihu a filin nan, babu wanda ya kai ni son ya ga Sa'idu ya buga."